Yaya na'ura take bambanta tirela da ƙaramar mota a titin da babu shingen tolget?

"Ni direban tirela ne, ina ɗauko kaya daga Makurɗi da Lafiya zuwa Abuja da Kano. Tun da aka dawo da tolget a hanyar Keffi, tsayawa muke yi a dubi irin motar sannan a cire kuɗi. Wani abokin aikina da ya yi tuƙi a Turai ya ce can akwai titunan da ba a tsayawa: layi uku ko huɗu, kowa na sharara gudu, amma kuɗin tirela daban, na ƙaramar mota daban. Ta yaya na'ura za ta gane wannan mai taya 22 ce, waccan Golf ce, alhali tare suka wuce? Kuma in an kawo irinta nan, ba za ta riƙa cutarmu ba?"

Malam direba, Allah ya kiyaye hanya. Abokin aikinka bai ƙara gishiri ba, kuma abin ya daɗe. Babbar hanya mai lamba 407 da ta bi ta arewacin birnin Toronto a Kanada, tun 1997 ake karɓar kuɗi a kanta babu shinge babu rumfar ma'aikaci. Yanzu akwai irinta a Ostireliya, da Taiwan, da Norway, da wasu hanyoyin Faransa. Abin da direba yake gani kawai wata gadar ƙarfe ce da aka gitta saman titi, an rataya mata na'urori, ya wuce ta ƙarƙashinta da gudunsa.

In na fahimce ka, abu biyu kake son sani: da me na'urar take gane irin mota, sannan ko za a iya ba ta amanar aljihun direba a irin titunanmu. Ni sana'ata dasa na'urorin ƙidayar motoci da na awon nauyi a kan hanya, na fi sabawa da yankan kwalta da hawa tsani a kan zaman ofishin da ake lissafin kuɗi, saboda haka ta can zan fi ba ka labari.

Na'ura ba ta san tirela ba

Kai da ka hango mota daga nesa ka san DAF ce, ko kanta, ko tifa, ko a-kori-kura. Na'ura ba ta san waɗannan sunaye ba. Awo kawai ta iya: tsawon mota daga hanci zuwa wutsiya, tsayinta daga kwalta zuwa rufi, faɗinta, gudunta, da yawan aksul, wato jerin tayoyin da suke kan sanda ɗaya daga hagu zuwa dama. Ku direbobi taya kuke ƙirgawa, su kuwa masu titi aksul suke ƙirgawa. Mai taya shida aksul biyu ce, mai taya goma aksul uku, mai taya 18 aksul biyar, taka mai taya 22 kuma aksul shida.

Don haka kafin a sayi na'ura ko ɗaya, sai hukuma ta rubuta dokar rukunin motoci da irin abin da za a iya aunawa. A Italiya, mota mai aksul biyu ana auna tsayinta ne daidai saitin tayar gaba: in bai wuce mita 1.30 ba tana rukunin farko, in ya wuce ta shiga na biyu, daga nan kuma sai ƙirgen aksul, uku, huɗu, biyar. A Faransa tsayin motar gaba ɗaya ake dubawa: har zuwa mita 2 rukuni ɗaya, tsakanin mita 2 da 3 wani rukunin, abin da ya kai mita 3 ko ya haura tan 3.5 kuma ya shiga sahun manyan motoci, inda ake raba mai aksul biyu da mai uku ko fiye. Hukumar manyan hanyoyin Amurka tana da rukuni 13, mafi yawansu an gina su ne a kan yawan aksul da tazarar da ke tsakaninsu. Dubai kuwa ta hutar da kanta: tsarin Salik da ta fara a 2007 bai raba motoci rukuni-rukuni ba, babba da ƙarama in sun wuce ƙarƙashin gada a lokaci guda kuɗi ɗaya ake cire musu, don haka babu abin da za a auna.

Me ya sa ake nace wa aksul? Saboda ta nan nauyi yake sauka a kan kwalta. Wani babban gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, inda aka yi ta zagaya manyan motoci a kan titin gwaji har ya farfashe, shi ya nuna cewa in ka ninka nauyin da ke kan aksul sau biyu, ɓarnar da zai yi wa titi takan ninku wajen sau 16. Gaskiyar magana nauyi ya kamata a caja. Amma auna nauyin motar da ke gudu yana da wuya, sai aka koma ga aksul da girman jiki, waɗanda suka fi sauƙin gani.

Abin da aka binne a kwalta

A tolget irin wanda ka saba, aikin mai sauƙi ne, don mota ɗaya ce take shiga ƙofa a lokaci guda, a hankali, tsakanin dakali biyu. Na'ura uku sun isa.

Ta farko zoben waya ne. Mukan yanka kwalta da injin, mu fitar da murabba'i mai kamar mita biyu kowane gefe, mu zagaya waya sau uku ko huɗu a cikin tsagar, mu toshe da ƙaro. Ana tura wutar lantarki mai kai-komo cikin sauri a wayar, sai ta haifar da maganaɗisu a saman titi. Da ƙarfen mota ya shigo wurin sai yanayin wutar ya canza, akwatin da ke gefen hanya ya ji. Tun farkon shekarun 1960 ake amfani da wannan dabara, ita ce ma take sa wasu fitilun ba da hannu su san mota tana jira. In ka jera zobe biyu, ɗaya gaban ɗaya, lokacin da mota ta ɗauka tsakaninsu zai ba ka gudunta, gudun kuma ya ba ka tsawonta. Ruwan sama, hazo, duhu, babu wanda ya dame shi.

Amma yana da wani hali da yake ba mutane mamaki: ya fi jin ƙaramar mota a kan babba. Golf tana kusa da ƙasa, zobe yana jin ta sosai. Tanka ko tirelar da cikinta ya yi sama, sai zobe ya ji kan motar, ya daina ji a tsakiya, ya sake ji a tayoyin baya. Na taɓa yin ƙidaya a wata babbar hanya, sakamako ya nuna wai ƙananan motoci sun fi yawa tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu na dare fiye da hantsi. Ruwa ba ya tsami banza. Muka kwana a gefen hanya da takarda da biro, ashe tankokin da ke tafiyar dare ne na'urar take raba kowacce gida biyu. Sai da muka ƙara mata ƙarfin ji, muka kuma tsawaita ɗan lokacin da take jira kafin ta ce mota ta wuce, sannan lissafi ya daidaita.

Ta biyu ita ce abin takawa: wata siririyar sanda da ake kwantarwa a gicciye, duk tayar da ta taka ta sai ta ba da alama. Ta da maɓalli ce kawai a cikin roba. Na yanzu wasu suna da wani sinadari da ke fitar da 'yar wuta in an matse shi, wasu kuma zaren gilashi ne da haske ke bi ta ciki, in taya ta danne shi hasken ya ragu. Da ita ake ƙirga aksul. In an kwantar da wata a karkace, har ana iya gane taya ɗaya ce a gefen ko tagwaye. Ta uku labulen haske ne, sanduna biyu a tsaye hagu da dama, ɗaya na harba hasken da ido ba ya gani, ɗaya na karɓa. Shi yake nuna inda mota ta ƙare da inda ta bayanta ta fara, ko da sun manne da juna a cunkoso.

Inda gizo ke saƙa

Yanzu cire dakalin, cire shingen, ka bar layi huɗu a buɗe. Labulen haske ya tashi aiki, don babu inda za a kafa sanda a tsakiyar titi. Abin takawa zai ji aksul takwas cikin daƙiƙa guda, amma na wa ne? Tirela ɗaya da Golf ɗaya, ko bas huɗu? Ga mai canza layi daidai ƙarƙashin gada, rabinsa a nan rabinsa a can. Ga ɗan acaɓa ya kutsa tsakanin motoci biyu. Wannan shi ne ainihin wahalar titi mai layi da yawa: awon kansa ba shi da wuya, jingina kowane awo ga motar da ta dace shi ne aiki.

Shi ya sa aka koma kallo daga sama. Babbar na'urar da ke kan gadar ƙarfen nan ita ce leza mai shara. Tana harba ɗigon haske ƙasa, ta ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Haske yana cin santimita 30 a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. In gadar tana da tsayin mita 6, zuwa kwalta da dawowa mita 12 ke nan. In hasken ya dawo da wuri, to ya daki rufin wani abu, kuma daga saurin dawowar ake sanin tsayin abin. Wani madubi yana juyawa a ciki yana watsa hasken daga wannan gefen titi zuwa wancan, sau 50 ko 100 a daƙiƙa, ya danganta da irin na'urar.

Mu yi lissafi da motarka. A gudun kilomita 100 a awa, mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa. In leza na shara sau 100 a daƙiƙa, duk bayan santimita 28 ta yanki motar sau ɗaya, kamar mai yanka burodi. Tirela mai tsawon mita 16 da rabi za ta ba da yanka wajen 60, Golf kuma 15 ko 16. Kwamfuta ta jera yankunan nan, sai siffar motar ta fito: ga kai, ga ɗan gibin da ke bayan kai, ga bodi. Motoci biyu da suka jero kafaɗa da kafaɗa kuwa, leza tana ganin kwalta a tsakaninsu, sai ta raba su.

Akwai tarko ɗaya a nan. Yawan yanka ba ya nuna tsawo sai an san gudu. Ƙaramar motar da ke jan ciki a cunkoso za ta iya ba da yanka 60 ita ma, ta fito kamar doguwar bas. Don haka ake haɗa leza da na'urar rada, wadda take auna gudu da igiyar rediyo kuma ƙura ko ruwa ba sa hana ta aiki, ko a sa leza biyu a jere, ko wata ta riƙa shara a tsawon titi. Rada ita kaɗai ba ta fitar da siffa mai kyau, ta dai ƙware wajen bin sawun kowace mota tun daga nesa har ta fice.

Leza daga sama ba ta ganin taya, bodi ya rufe su. Masu cajin aksul dole su ƙara wani abu: ko zobba na musamman, ƙanana, da aka tsara su ji ƙarfen wili kaɗai, ko kyamara da leza da ke leƙen mota ta gefe. A 'yan shekarun nan kyamarori sun ci gaba ƙwarai, ana horar da kwamfuta da ɗimbin hotunan motoci har ta iya ƙirga wili daga hoto. Ina ganin amfaninsu, musamman da yake ba sai an rufe hanya an yanka kwalta ba. Sai dai mai leƙe ta gefe yana da matsalar da ba ta da magani: in tirela ta tsaya tsakaninsa da ƙaramar mota, bai ga ƙaramar ba.

Duk wannan ya nuna irin motar ne, bai nuna mai ita ba. Mai ita ana gane shi ta hanya biyu: ɗan akwati ko sitika da ke manne a gilashin gaba, wanda yake magana da eriyar gada ta rediyo, da kuma kyamarar da ke karanta lambar mota gaba da baya da hasken da ido ba ya gani. Kwamfutar gefen hanya sai ta haɗa su duka bisa lokaci da wuri: siffar da aka gani a layi na biyu, sitikar da ta amsa daga layi na biyu, lambar da aka ɗauka a layi na biyu. In ba su yi daidai ba, sai a tura hoton wa mutum a ofis ya duba da idonsa.

Abin da abokinka wataƙila bai gaya maka ba shi ne, a wasu ƙasashen direba ne da kansa yake faɗin rukuninsa. A Ostiriya, tun 2004, motar da ta haura tan 3.5 tana ɗauke da ɗan akwati mai suna GO-Box, direba ya danna 2, 3 ko 4 gwargwadon aksul ɗinsa, in ya ɗaura tirela ya canza. A Jamus, inda aka fara cajin manyan motoci bisa nisan tafiya a 2005, akwatin da ke cikin mota ne yake lissafa nisan tafiya da tauraron ɗan'adam. Na'urorin kan gada a can aikinsu kama mai ƙarya ne. A ganina wannan ya fi adalci, domin kuskuren na'ura ba ya zama bashi a kanka kai tsaye, sai an bincika.

Za ta cuce ku?

Takan yi kuskure, kuma wuraren da take yin sa sanannu ne. Motar da ke jan wata da igiya ko sanda, in abin jan siriri ne, leza tana iya tsallake shi ta ce motoci biyu ne. Biyu da suka manne a guje kuma ta ce ɗaya ce doguwa. Inda ake caji da tsayi, Sharon ko Golf da aka lafta wa buhuna da katifu a rufi za ta tashi daga rukunin ƙananan motoci ta koma na bas, kuma a nan ba za ka ce na'ura ta yi ƙarya ba, abin da doka ta ce ta auna shi ta auna.

Wanda ya fi shafar ka shi ne aksul ɗin da ake ɗagewa in mota ba kaya. Abin takawa ba ya jin tayar da ba ta taɓa ƙasa ba, kyamara kuwa tana ganin ta. Wanne ne daidai? Doka ce za ta faɗa. A Jamus ana ƙirga shi ko yana sama ko yana ƙasa. A Brazil sai da direbobin manyan motoci suka yi gagarumin yajin aiki a 2018 sannan gwamnati ta tabbatar da cewa motar da ba kaya ba za ta biya kuɗin aksul ɗin da ta ɗage ba a duk titunan ƙasar.

Maganar nauyi kuwa, akwai sandunan da ake binnewa masu auna shi mota na gudu, na dasa irinsu. Amma mota tana tsalle a kan sifirin, in titi yana da gargada kafin wurin awo, sakamako yakan karkace. Ni ba na ba da shawarar a ci mutum tara da shi kaɗai. Amfaninsa ya tsamo wadda ake zargi, a karkata ta zuwa sikeli ta tsaya a auna.

To, in an kawo ta nan fa? Abu na farko da zai ba ta wahala yanayi ne. A hunturu ƙura takan kwanta a gilashin leza da na kyamara, hazo mai kauri kuma yana watsa haske. Na taɓa barin wata na'ura makonni ba a goge ta ba, na dawo na tarar rabin layi ɗaya ta makance, ƙura da saƙar gizo sun rufe mata ido. A bazara kwalta takan yi laushi, manyan motoci su tura ta, ta yi kwari, wayar zobe ta tsinke. Wani wurin ma masu gyaran titi ne suka kankare mana zobba gaba ɗaya ba tare da sun san akwai su ba. Ga tsawa a damina, ga wutar lantarki da sai an tanadi sola da batir. Duk waɗannan suna da magani, amma maganin kuɗin kulawa ne na kowane wata, wanda shi aka fi mantawa a kasafi.

Na biyu shi ne yadda aka rubuta rukunin. Farashin da aka sanar lokacin da aka fara karɓar kuɗi a hanyar Keffi zuwa Makurɗi a watan Fabrairun 2025 shi ne naira 500 ga ƙaramar mota, 800 ga jif, 1,000 ga ƙaramar bas, 1,600 ga manyan motoci masu aksul da yawa. Ga ma'aikacin da ke leƙowa ta taga wannan ya wadatar. Ga na'ura kuwa, tirelarka ce mafi sauƙin ganewa a cikinsu. Mai wuyar ita ce raba jif da ƙaramar mota, domin duka aksul biyu ne, tsawonsu kusan ɗaya, kuma akwai motoci da yawa yanzu da ko mutane biyu ba za su yarda a kan jif ne ko ba jif ba. Sai dai a sake rubuta dokar da mita da santimita, ko a dogara da abin da ke rubuce a rajistar lambar mota.

Rajistar nan ita ce abu na uku, kuma ita ta fi ba ni tsoro. Titi marar shinge yana aiki ne in har lamba tana kai ka ga mai mota na gaskiya, da adireshi ko asusun da za a bi shi bashi. Motar da aka sayar sau uku ba a canza suna ba, lambar da laka ta rufe ko tampol ya sauko a kanta, lambar da aka ciro daga wata motar, duk waɗannan babu lezar da za ta gyara su. Afirka ta Kudu ta kafa gadoji masu na'urori na zamani a titunan Johannesburg da Pretoria, ta fara caji a Disambar 2013. Na'urorin suna ganin motoci, amma jama'a da yawa suka ƙi biya, har aka daina cajin a watan Afrilun 2024.

Saboda haka ni da za a tambaye ni, ba zan ce a cire shinge a titunanmu yanzu ba. Zan ce a bar ƙofofi, a sa sitika a gilashi, a sa zobe da abin takawa da labulen haske a kowace ƙofa don su tabbatar da abin da ma'aikaci ya danna, sannan a ware ƙofa ɗaya ko biyu ga masu sitika su wuce a hankali ba tsayawa. Kusan haka Indiya ta yi da sitikarta ta FASTag, wadda ta zama dole a 2021, shingayen kuma suna nan a mafi yawan wurare.

Kai kuma a naka ɓangaren, in sitika ta zo, ka tsaya ka ga rukunin da aka rubuta mata ya yi daidai da motarka kafin a manna, kuma kada ka yarda a ɗauke ta daga wata mota a sa a taka. Ka riƙa wanke lambar gaba da ta baya, musamman lambar bodin tirela in ta bambanta da ta kai. In aka cire maka kuɗin da ya wuce ƙa'ida, ka riƙe rana da lokaci da sunan tolget ɗin, ka nemi a nuna maka hoton wucewarka, domin irin wannan tsarin yana ajiye hoto tare da awon da ya yi. Sannan ku ja hankalin shugabannin ƙungiyarku tun kafin a sa hannu a kwangila, a rubuta ƙarara ko aksul ɗin da aka ɗage yana cikin lissafi, da kuma kwana nawa direba yake da shi na kai ƙorafi a mayar masa da kuɗinsa.